Kulu Mai Ɗanwake da Yaran Gindin Darbejiya

A shekarar 1984 aka turo ni koyar da kimiyya a wata sabuwar ƙaramar sakandare, a wani ƙauye da ke bakin babban kanal tsakanin Kura da Bunkure. Lokacin ne aka shigo da sabon tsarin nan na shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, ana ta buɗe makarantun jeka-ka-dawo a karkara. Tamu azuzuwa ne a jere, ba katanga, ba wuta, sai ofishin shugaban makaranta da wani sito da aka jibge manyan akwatunan katako a ciki. An ce injinan koyon sana'a ne daga ƙasar waje, suna jiran ranar da za a jawo lantarki.

Akwai wata dattijuwa da ke sayar da ɗanwake a gindin darbejiyar da ke bayan aji ɗaya. Kulu sunanta, amma kowa Iya yake ce mata. Doguwa ce siririya, tana da tsagar goshi, kullum da tsohon mayafi ruwan ƙasa. A garin aka haife ta tun kafin ruwan madatsar Tiga ya iso. A kan idonta aka zo da manyan motoci aka baje gonaki, aka yanka su fili-fili, aka haƙa hanyoyin ruwa. Mijinta Iliyasu ya yi noman rani na 'yan shekaru, sannan Allah ya yi masa rasuwa. 'Ya'yanta sun girma, ƙaramin ne kawai ke gida yana noma gonar uban. Ta yi makarantar allo tana yarinya, amma ba ta taɓa taka ajin boko ba.

Ban daɗe ba na lura da wani abu. Duk ranar da nake aji ɗaya, tukunyarta na kusa da tagar aji ɗaya. In na koma aji biyu, sai in ga ta kinkimo murhu ta matsa. Da farko na ɗauka inuwa take bi. Ashe ni take bi.

Ran nan na je sayen ɗanwake lokacin hutun tara, tana zuba mini mai da yaji, ta ce, "Malam Musbahu, jiya na ji ka ce iska tana da nauyi. Da gaske kake, ko don yara su yi shiru ka faɗa?"

Na yi dariya, na ce, "Da gaske ne, Iya."

"To me ya sa ba ta danne mu ba?"

Na tsaya da kwano a hannu ina yi mata bayani har aka kaɗa ƙararrawa. Ba ta ce ta yarda ba. Cewa ta yi za ta yi tunani.

Daga ranar, ɗanwake ba ya shiga hannuna sai da tambaya. Me ya sa tumatir ɗin rani ya fi na damina kyau? Ina kifin kanal yake zuwa in an tsayar da ruwa? Wadda ta fi damunta ita ce ta tiyo, lanƙwasasshen bututun robar nan da manoma ke cikawa da ruwa, su toshe baki ɗaya da tafin hannu, su ɗora a kan gaɓa, ruwa ya riƙa bi yana zuba a gona. Ta ce tun da aka kawo ruwa garin take kallon abin. Ta tambayi marigayi mijinta, ya ce haka Allah ya yi shi. Ta ce, "Na sani Allah ne ya yi. Amma ruwa da duk duniya ta san gangare yake bi, ya aka yi ya hau tudu?"

Washegari na zo mata da guntun tiyo daga ɗakin kayan gwaji. Muka ɗora ƙwarya cike da ruwa a kan kujerarta, muka ajiye wata a ƙasa. Na nuna mata yadda ruwan da ke dogon ɓangaren yake sauka, iska kuma ta danna na cikin ƙwaryar sama ya biyo bayansa. Ta ɗaga ƙwaryar ƙasa har ta yi daidai da ta sama, ruwa ya tsaya cak. Ta sauke, ya ci gaba. Ta sake ɗagawa. Sai ta kwashe da dariya, har da tafi. Ina waiwayowa na ga ƙananan yara sun kewaye mu, baki buɗe, wani ba ko wando.

Yaran nan su ne asalin labarin. Da rani, in tumatir ya nuna ya yi arha, matan garin da ke fita aiki sukan tafi bakin gonaki yankan tumatir ana shanyawa, tun hantsi har azahar. Da can 'yan mata yayye ne ke rainon ƙannensu. To, yanzu yayyen duk suna firamare. Na goye uwa kan tafi da shi. 'Yan shekara uku zuwa biyar kuwa sun fi ƙarfin goyo, ba su kai shiga aji ba, sai su yi ta gararamba a gari. Wasunsu ƙanshin ɗanwake kan jawo su gindin darbejiya.

Wata rana da hantsi, ina tsakiyar darasi, muka ji ihu daga wajen kanal. Wata yarinya ce, Fatu, 'yar maƙwabciyar Iya mai suna Sa'a, ta bi takalminta da ya faɗa ruwa. Bangon kanal siminti ne mai gansakuka, ko babba in ya zame da ƙyar yake fita. Allah ya sa wani manomi, Surajo, yana ba wa alkamarsa ruwa a kusa. Ya yi tsalle ya faɗa, ya cafko ta daf da ƙofar ƙarfen da ake raba ruwa. Ta sha ruwa sosai, ta yi amai, amma ta rayu.

Washegari Sa'a ta riƙo hannun yarinyar har gindin darbejiya, ta ce, "Iya, don Allah ki sa mini ido a kanta. Ba zan iya barin aikin ba, kuma ba zan iya barinta ba." Kafin mako ya zagayo, an kawo wa Iya yara sun fi ƙarfin tabarma guda. Ba ta ce a'a ba. Sai dai ta rasa abin da za ta yi da su, ban da tsawa da ɗura musu ɗanwake.

Ana cikin haka wani jami'i ya zo daga ma'aikatar ilimi. Aka tara iyaye maza a filin makaranta, ya yi dogon jawabi a kan abubuwan da gwamnati ta sa a gaba: a yawaita ƙananan sakandare, a koya wa yara sana'ar hannu, a horar da malaman kimiyya. Iya tana jin komai daga inda take. Da aka tashi, shugaban makaranta ya ce a kai wa baƙo ɗanwake. Maimakon ta aika, ita ta kai da kanta, ina wurin.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Ranka ya daɗe, na ji an yi wa manya tanadi. Waɗancan fa?" Ta nuna tabarmar da yaran ke birgima a kai.

Mutumin kirki ne, bai share ta ba. Ya ce, "Baba, ba a manta da su ba. A tsarin ilimi na ƙasa akwai maganar karatun yara kafin firamare. Sai dai gwamnati ba ta gina irin waɗannan makarantu da kanta. Ta bar wa jama'a da masu hali, ita nata sa ido. A birni akwai su, naziri ake ce musu."

"Me ake koya wa ɗan shekara uku?"

Ya yi murmushi, ya ce gaskiya shi ɓangaren sakandare yake, sai dai ta je ta gani da idonta.

Shi ya faɗa ne don a rufe magana, ita kuwa ta riƙe. Ta dame ni har na tuna yayata Zuliha tana koyarwa a wata naziri a cikin Kano. Na aika mata, ta ce a zo. Ranar wata Laraba Iya ta roƙi Sa'a ta haƙura da aiki ta riƙe mata yara, ta ɗaura sabon zane, ta hau motar da ke fitowa daga Zariya, na kwatanta wa direba inda zai sauke ta. Shigarta birni ke nan ta farko tun rasuwar mijinta.

Da ta dawo, tara ba ta ishe mu labari ba, sai da na koma bayan an tashi.

"Malam, na ga abin mamaki. Mutane da motocinsu, su kawo yaro tsaf-tsaf da safa da takalmi, a kai shi wani akwati cike da yashi a ce ya yi wasa. Yashi fa! Wanda nake dukan namu a kansa."

Ta ce sun yi ta waƙoƙi da Turanci. Ta ja wani yaro gefe ta tambaye shi me waƙar ke cewa, ya ce bai sani ba. Wannan bai burge ta ba. Amma akwai abubuwan da suka tsaya mata a rai. Kujerun ƙanana ne daidai yaro, ƙafarsa na taɓa ƙasa. In Zuliha za ta yi wa yaro magana, sai ta tsuguna har idonsu ya daidaita. Kuma ta ga an zube wa yara marafan kwalba masu launi iri-iri, an ce su ware, ba wanda ya gaya musu yadda za su yi.

"Wata yarinya ta ware ja daban, kore daban. Wani yaro kuma ya ware masu lanƙwasa daban, lafiyayyu daban. Na ce wa yayarka wannan ya yi kuskure. Ta ce bai yi ba, shi abin da ya gani ke nan. Tun a mota nake juya maganar nan. Ashe kowane yaro da abin da yake gani."

Abin da take son sani ke nan, me ke cikin kan yaran da ke tabarmarta. Ta fara da abin da ke hannunta. Ta sa Sa'a ta riƙa kawo mata tumatir ɗin da aka tsince aka zubar, yara su ware ɗanye da nunanne da ruɓaɓɓe, su ƙirga. Ɗanta ya ɗebo mata yumɓu daga bakin gona, suka riƙa gina shanu da tukwane da motar tumatir. Ta koya musu sunayen tsuntsayen da ke sauka a alkama. Ta ƙirƙiro wata 'yar waƙa a kan kada a je bakin kanal sai da babba, ana yi ana tafi. In yaro ya yi tambaya ba ta da amsa, sai ta ce, "Bari Malam ya fito tara." Haka na koma ina amsa tambayoyin 'yan shekara huɗu, waɗanda sau da yawa sun fi na ɗalibaina wuya. Wani ya taɓa tambayata ko kifi yana jin ƙishirwa.

Da damina ta matso, aka fasa akwatunan sito don a duba ko injinan sun yi tsatsa. Iya ta roƙi shugaban makaranta katakan, ya ba ta. Wani kafinta ya yi mata gajerun bencina. Har yau ina tuna rubutun wata ƙasa da ke jikinsu, wanda ba mai iya karantawa a cikinmu.

Ba kowa ne ya ji daɗin abin ba. Malam Isiyaku, mai makarantar allo ta unguwar, ya ga 'yan ƙananansa sun fara raguwa, ya kuma ji ana cewa Kulu ta buɗe boko. Ya zo da kansa, da carbi a hannu, ya tsaya nesa kaɗan. Ina zaune a benci ina cin ɗanwake.

Iya ta miƙe ta rusuna. "Allah ya gafarta Malam, sannu da zuwa."

"Yawwa, Kulu. Na ji an ce kin zama malama."

"Wane ni, Malam. Raino nake."

"Yaron da bai haɗa Fatiha ba, da me za a fara masa? Da waƙa?"

"Allah ya gafarta Malam, da safe naka ne, bayan la'asar ma naka ne. Tsakanin hantsi da azahar kana gona, iyayensu mata suna gona. A lokacin nan ba naka ba ne, ba nawa ba ne, na kanal ne. Shi nake ƙwace wa."

Ya ja carbinsa. Sai ya ƙaraso ya kalli shanun yumɓun da aka jera a rana. Ya ɗauki ɗaya mai ƙaho uku, ya tambayi wa ya yi. Wani yaro ya ɗaga hannu, jikansa ne. Malam ya ce, "Kai, a ina ka ga sa mai ƙaho uku?" Yaron ya ce ɗayan na ajiya ne, ko wani zai karye. Malam bai yi dariya ba, amma na ga gemunsa na motsi. Da zai tafi ya kafa sharaɗi biyu: duk yaron da bai je allo da safe ba kada ta karɓe shi, kuma a riƙa buɗewa da addu'a. Ta ce ta ji ta yarda, kuma ta riƙe sharaɗin har ƙarshe.

A shekara ta biyu iyaye suka fara cewa a koya wa yara baƙaƙen boko. Iya ba ta san ko ɗaya ba. Sai ta ce in riƙa koya mata kaɗan-kaɗan. Nakan zana mata a ƙasa da tsinke lokacin tara, ta kwana tana bita, washegari ta koya wa yara. Tazarar da ke tsakaninta da ɗalibanta ba ta wuce ta kwana guda ba. Da yake da rubutun allo ta saba, hannunta kan so ya fara daga dama, sai ta ja tsaki ta goge. Ta taɓa tambayata wa ya yanke cewa Turawa su fara daga hagu, Larabawa daga dama, kuma ko sun taɓa zama sun yi shawara.

Hedimastan firamare ya ce mini yana gane yaran Iya ranar farko. Ba wai sun fi sauran ƙwaƙwalwa ba. Ba sa kuka, sun iya zama, kuma sun cika tambaya har malamai na ƙorafi.

A 1987 aka canza mana shugaban makaranta. Sabon mutum ne mai son tsari, kuma maganar gaskiya hayaniyar yaran tana shiga aji. Ya kira Iya ya ce ta zaɓa: ko ta ci gaba da sayar da ɗanwake ita kaɗai a gindin bishiya, ko ta kwashe yaranta ta kai wani wuri. Na san abin da tagar nan take a wurinta. Ta kai shekara uku tana sauraron darasi, har ta san inda aji biyu suka tsaya a maganar jini da zuciya. Ran nan na fito tara na tarar ɗanta yana ɗora bencina a kurar ɗaukar kaya. Ta koma zauren marigayi mijinta, ɗanwaken kuma ta bar wa wata.

Na riƙa zuwa duk Alhamis bayan an tashi, in ba ta labarin abin da muka yi a mako. Takan saurara da ido rufe, amma ta ce ba daidai yake da ji ta taga ba, don a taga tana jin har amsar banza da yara ke bayarwa, kuma ita ce ta fi daɗi.

Na yi ƙoƙarin a yi wa wurin rajista. Na je ofishin ilimi, aka ce sai da gini na musamman, da banɗaki, da malami mai takardar shaida. Ba mu da ko ɗaya. Da na gaya mata ban ga ta damu ba. Tambayata kawai ta yi ko rashin rajistar zai sa a hana yaran shiga firamare. Na ce a'a. Ta ce to shi ke nan.

Ɗanta ya auri wata yarinya, Ummulkhairi, wadda ta gama ƙaramar sakandare a Kura. Ita ta karɓi koyar da baƙaƙe da lissafi, Iya ta koma kan yumɓu da tatsuniya. Sukan yi saɓani. Ummulkhairi tana son yara su zauna a layi su yi ta maimaitawa, Iya kuma ta ce a bar su su taɓa abu da hannunsu. Ba wadda ta ci wata, sai suka raba lokaci.

A ƙarshen 1989 aka mayar da ni Madobi. Na je sallama da yamma, na tarar da ita a ƙofar zaure ta miƙe ƙafafu, gwiwoyi sun fara hana ta tashi. Ta yi mini addu'a mai tsawo. Har na miƙe, ta ce in koma in zauna, akwai abin da ke cinta.

"Akwai wani yaro a nan, Garzali. In'ina gare shi, kafin ya ce Iya sai ka tausaya masa. Amma in aka fara waƙa, Malam, ko gargada babu. Baki ɗaya ne, harshe ɗaya ne. Me ke sake shi a waƙa, ya kama shi a magana?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ma na gwada. Na ce ya riƙa yi mini magana kamar yana waƙa. Wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ƙi. In ka je can ka tambayar mini."

Na tambaya. Wani likita da muka haɗu a wurin ɗaurin aure ya ce mini su ma sun lura da haka, ana jin waƙa da magana ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba, amma ba a gama ganewa ba. Na ba wani direban motar tumatir saƙon ya kai mata. Bayan kamar wata guda muka haɗu da shi a tasha. Ya ce ya isar, ta sa ya maimaita mata har sau biyu, sannan ta ce a gaya wa Malam yanzu Garzali yana iya faɗin sunansa da na babansa in ta riƙa buga masa gwiwa a hankali da tafin hannu, a tambayi likitan ko ya taɓa gwada wannan.

Ban sake haɗuwa da likitan ba. Iya ta rasu da damina ta zagayo, Allah ya jiƙanta. Ummulkhairi ta ci gaba da riƙe yaran a zauren har aka gina Islamiyya a unguwar, aka ba ta aji ɗaya na ƙanana, ta koma can da su.